Ɗaya, Daidai da Kama: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Amfani da Su

Kuskuren da ya fi yawa wajen amfani da waɗannan kalmomi shi ne ɗaukar "ɗaya" da "daidai" da "kama" a matsayin kalmomin da kowacce za ta iya maye gurbin 'yar'uwarta, alhali kowacce da iyakar da ta tsaya. Idan aka ce yara biyu rigarsu ɗaya ce, mai karatu yana iya fahimtar cewa riga guda suke karɓa-karɓa da ita, don haka wanda yake nufin riguna biyu masu launi da ɗinki guda sai ya ce rigunansu iri ɗaya ne, domin kalmar "iri" ita ce take kawar da shubuhar. "Daidai" kuwa ta awo ce, wato tsawo ko nauyi ko adadi ko matsayi, shi ya sa abubuwa biyu suke iya zama daidai a nauyi ba tare da sun yi kama ko kaɗan ba. Ita "kama" ba ta wuce kamanni, kuma Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kanta da suka ce kama da wane ba wane ba ne.

A ɓangaren kishiyoyi, mutane da yawa suna rubuta "akasi" a inda "daban" ta wadatar. Ja daban yake da fari, amma baƙi ne akasin fari, saboda akasi yana buƙatar abubuwa biyu su tsaya a ƙarshen da ya fi nisa da juna. Wanda ya ce ra'ayinsa akasin na abokinsa ne, alhali a kan ƙaramin batu kawai suka rabu, ya zuzuta al'amarin. Abin da ke tsakaninsu bambanci ne, in ya yi tsanani a kira shi saɓani.

Sai kuma matsalar rubutu, wadda a ganina ta fi sauran haɗari. Rashin sanya lanƙwasar harafin ɗ yana juya ma'ana gaba ɗaya, domin "an daidaita su" na nufin an sasanta su ko an gyara tsakaninsu, yayin da "an ɗaiɗaita su" ke nufin an tarwatsa su. Haka nan "daidai" ba ita ce "ɗaiɗai" ba, wadda take nufin ɗaya bayan ɗaya, kuma babu dalilin raba "daidai" da karan ɗori kamar yadda ake yawan gani. "Daban-daban" ce take ɗaukar karan, tana kuma bin suna jam'i, kamar "ƙasashe daban-daban". Daidaitacciyar Hausa tana rubuta "bambanci" da m, ba "banbanci" ba, saboda harafin b da ya biyo baya, kamar dai yadda ake rubuta "tambaya".