Shawara ga mai neman kayan pon na tsohuwar Land Cruiser

Salamu alaikum ƴan uwa masu kat-kat (motoci masu ja da taya huɗu) na Damagaram. Kafin ka aika a sayo maka kayan pon (wato akwatin giya da sandunan da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, akwai na gaba da na baya), don Allah ka sa makaniki ya kwance tsohon ka riƙe shi a hannu, kar ka dogara da cewa ai motar HJ60 ce ko 75 ce, tsofaffin motocin nan yawancinsu an sha sauya musu pon tun kafin su zo hannunmu.

Abu na farko ƙirga haƙora. In babban giya na da 37 ƙaramin na da 9, to 4.11 ke nan (wato 37 a raba da 9), kuma dole gaba da baya su zo ɗaya. Ni na taɓa sa na baya daban, cikin rairayi ban ji komai ba, ina hawa kwalta a hanyar Tanout da kat-kat a ciki sai motar ta dinga ƙugi tana ɗaurewa kamar an ja birki, kuɗina suka tafi a banza wallahi.

Sandar pon ta gaba kuma ta hagu da ta dama ba tsawonsu ɗaya ba, a gwada da tsohuwar, a ƙirga tsagar bakinta.

Ni dai na fi son na hannu na asali mai lafiya da sabo mai arha, ko nan ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Amma rulma (wato boris) da roban tare mai sabbi za ka sa, in roban ya sake man pon zai gauraya da giris ya zubo ta bayan taya.