Yadda Ake Warware Jigon Ƙuruciya da Launin Fata a Labarin Huckleberry Finn

Ɗalibin adabi a Katsina da aka ɗora wa nazarin littafin Mark Twain, Adventures of Huckleberry Finn, ya kamata ya fara da tantance shekaru kafin ya taɓa jigo. Littafin ya fito a Ingila a 1884, a Amurka kuma a 1885, wato shekara ashirin bayan haramta bauta a can a 1865, amma labarin da ke cikinsa ya faru ne tun ana cinikin bayi a jihar Misuri da gaɓar kogin Misisipi. Marubucin yana waiwaye ne, yana kuma magana da mutanen da suka 'yanta bayi a takarda alhali ba su daina raina su ba.

Daga nan sai babban aikin, wato raba muryar yaro da ta marubuci. Huck ne ke ba da labarin da bakinsa, yaro ne da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, kuma duk abin da ya sani game da baƙar fata a wurin manyan garinsu ya koya. Saboda haka manazarci ya ɗauki takarda ya raba ta biyu, gefe ɗaya ya rubuta abin da Huck ya faɗa game da Jim, bawan da suka gudu tare, ɗaya gefen kuma abin da ya aikata. A babi na 15, bayan sun ɓace wa juna cikin hazo, Huck ya yaudari Jim cewa mafarki ya yi. Da Jim ya gane, ya gaya masa magana mai zafi, sai yaron ya ƙasƙantar da kansa ya ba shi haƙuri. A babi na 31 kuwa, Huck ya rubuta wa uwargijiyar Jim wasiƙar tona asirinsa, sannan ya tuna alherin da Jim ya yi masa, ya yage takardar, yana mai imani cewa wuta zai shiga saboda haka. A ganina nan ne zuciyar littafin take, domin yaron ya aikata daidai yana ɗauka zunubi ya yi, kuma wannan saɓanin shi ne tuhumar da marubucin ke yi wa tarbiyyar al'ummarsa.

Kada a bar Jim a matsayin abin gwajin halin Huck kawai. A koma babi na 23, inda yake kuka yana tuna ranar da ya mari 'yarsa don ta ƙi rufe ƙofa, bai san cuta ta kurumtar da ita ba. Uba ne mai nadama, kuma burinsa shi ne ya tara kuɗi ya fanshi matarsa da 'ya'yansa.

Ƙarshen littafin yana buƙatar hukunci daga manazarci. Tom Sawyer, abokin Huck, ya san uwargijiyar Jim ta 'yanta shi a cikin wasiyyarta, amma ya ɓoye, ya bar shi a kulle don ya yi wasan ceto. Wasu masana suna ganin rauni ne a zubin labarin, wasu kuma suna ganin hoto ne na yadda fararen fata suka yi wasa da 'yancin baƙaƙe bayan yaƙin basasar Amurka. Ɗalibi ya zaɓi matsaya, ya kawo hujja daga babi da shafi.

Wanda ke son kwatanci na gida ya ajiye littafin kusa da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina. A can yaron ne da kansa aka sace aka kai shi bauta, don haka sai a duba abin da kowane marubuci ya bari yaronsa ya gani game da bauta, da abin da ya bar wa mai karatu ya gano.