Darasi na Shida: Kayar da Bishiya da Zarton Inji

A garuruwanmu na bakin Shuɗin Kogin Nilu a ƙasar Sudan, daga Mai Wurno zuwa Sinja har Damazin da Rusairis, gatari ya fara ja da baya, zarton inji ya karɓi aikin. Bagaruwar da a da magidanta biyu za su wuni suna sara, yanzu saurayi ɗaya yakan kwantar da ita cikin 'yan mintuna. Saurin nan da ya rage wahala shi ne kuma ya ƙara haɗari, domin sarƙar zarto tana gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma ba ta bambanta itace da ƙafar mutum. Wanda ya saba da gatari yana da lokacin gyara kuskurensa tsakanin sara da sara, amma mai zarton inji ba shi da wannan lokacin, don haka dole ya gama tunaninsa tun kafin ya ja igiyar tayarwa.

Farkon shiri shi ne izini. Dazuzzukan bagaruwa na bakin kogi suna ƙarƙashin Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, kuma bagaruwar katako takan ci shekaru kusan 30 kafin ta isa yanka. Kada ka taɓa bishiya a gandu sai da takardar jami'in daji a aljihunka.

Suturar aiki

Jallabiya da rawani suturarmu ce ta mutunci, amma ba su da wuri kusa da zarton inji. Bakin riga mai faɗi, ko jelar rawani da ta sauko, idan sarƙa ta kama su za ta jawo hannu ko wuya zuwa ga haƙoranta kafin mutum ya saki makunnin gudu. A tuɓe su a rataye, a sa riga mai kama jiki da dogon hannu. Silifa da takalmin fata na zuwa kasuwa su ma a bar su a gida. Abin da ake bukata shi ne dogon takalmi mai ƙarfe a baki da tafi mai kauri, wanda zai tare gungumen da ya mirgino, ya kuma hana ƙayar bagaruwa huda ƙafa.

Akwai wando na musamman da aka yi domin wannan aiki. A cikinsa an jera dogayen zaruruwa masu ƙarfi, waɗanda idan sarƙa ta yaga wandon sai su fito su cushe a faifan haƙoran da ke juya ta, ta tsaya nan take. Tunda cinya da gwiwa na cikin wuraren da zarto ya fi samu, wannan wandon ya cancanci kuɗinsa. Wandon da sarƙa ta taɓa yagawa ya gama aikinsa, ɗinki ba ya mayar da shi yadda yake.

Hular kwano tana kare kai daga busasshen reshen da girgizar yanka takan kakkaɓo daga sama. Mafi kyawunta ita ce mai haɗe da ragar fuska da marufin kunne, idan kuwa babu ragar, a sa tabarau mai rufe gefen ido. Maganar kunne ita ce mutane suka fi rainawa, saboda ɓarnar ba ta zuwa da jini. Ƙarar da ta kai ma'auni 85 na desibel tana cutar da ji idan aka daɗe a cikinta, ta zarton inji kuwa ta haura 100. Mutum yakan yi shekaru yana aiki kafin ya lura cewa sai an ɗaga murya yake ji, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Safar hannu mai kauri tana rage girgiza, tana kuma kare yatsu lokacin wasa sarƙa.

Masu aiki sukan ce zafi ne ke hana su sa waɗannan kaya, kuma ba ƙarya suke yi ba, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan wuce digiri 40. Maganin shi ne a sauya lokaci: a fara da zarar gari ya waye bayan sallar asuba, a sha ruwa akai-akai, a tashi kafin rana ta take. Wanda kuma ya sayi inji ya damƙa wa ɗan wani ya yi masa aiki, sayen waɗannan kaya hakki ne a wuyansa, daidai da sayen fetur.

Injin da yadda ake riƙe shi

Yawancin zartunan da ke kasuwa, irin su Stihl da Husqvarna, suna shan fetur da aka gauraya da man inji na musamman, kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato mililita 100 na mai a lita 5 ta fetur, sai fa idan littafin injin ya faɗi wani awo daban. Ana zuba mai ne injin yana kashe, nesa da wuta da sigari, sannan a matsa aƙalla mita 3 daga wurin kafin a tayar. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya, idan ka ga tana zubar da gari kamar ƙura to ta dakushe, sai a koma ga magagari. Dakusasshiyar sarƙa tana sa mutum ya danna da ƙarfi, dannawar kuma ita ke kawo suɓucewa.

A ajiye zarto a ƙasa, a sa birkin sarƙa, a taka mariƙin baya da ƙafar dama, a danne mariƙin gaba da hannun hagu, sannan a ja igiya. Al'adar riƙe inji a sama da hannu ɗaya a wurga shi ƙasa ana jan igiya burga ce mai tsada, a daina ta.

Babban sharrin zarto shi ne harbi. Idan ɓangaren sama na ƙarshen harshensa, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a jikinsa, ya taɓa itace ko reshen da ba a lura da shi ba, harshen yakan zabura sama ya nufo fuska da kafaɗa cikin ƙiftawar ido. Saboda haka aka sa birki a gaban hannun hagu, domin ya tsayar da sarƙa idan zarton ya harba. A gwada birkin nan kowace safiya, kuma injin da aka cire wa birki ba abin ɗauka ba ne ko da kyauta aka ba ka. A riƙe da hannu biyu kullum, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi ta ƙasa, a tsaya ɗan gefe da layin harshen, kuma kada a yi yanka sama da kafaɗa.

Duba bishiyar

Ka zagaye bishiyar kana kallon sama. Ina ta karkata, kuma wane gefe ne rassanta suka fi nauyi? Akwai busassun rassa, ko saƙar zuma, ko wayar lantarki a kusa? Ka buga gangar jikinta da bayan gatari, idan ta amsa kamar ganga to gara ko ruɓa ta ci cikinta, kuma irin wannan tana iya karyewa ta kowane gefe. Ranar iska mai ƙarfi, ko idan hadarin ƙura ya taso, ba a kayar da bishiya. A fadamun bagaruwa kuma, bayan ruwan kogi ya janye, laka takan riƙe ƙafa, idan ta bushe kuma ta tsattsage, don haka ka san inda za ka taka.

Domin sanin inda kanta zai kai, ka sami sanda mai tsawon hannunka, ka riƙe ta a tsaye hannu a miƙe, ka riƙa ja da baya ta gefen da kake so ta faɗi har sandar ta rufe bishiyar daga gindi zuwa ƙoli. Inda ka tsaya kusan nan ne kanta zai sauka. Duk wanda ba mai yanka ba ya tsaya nesa da ninki biyu na wannan tsawo, kuma a sa mutum ɗaya ya tsare hanya, domin mata da yara masu tsintar itacen girki da makiyaya sukan nufo inda suka ji kukan zarto. Sannan ka share hanyoyin gudu biyu ta baya, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace a karkace, domin gindin bishiya yakan yi tsalle ya dawo baya sak.

Yanka uku da linzami

A gefen da kake so ta faɗi ake buɗe baki, da yanka biyu: na sama a gangare, na ƙasa a kwance, su haɗu daidai a layi ɗaya ba tare da ɗaya ya zarce ɗaya ba. Zurfin bakin ya kai kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na kaurin bishiyar. Yanka na uku ta baya ake yin sa, a kwance, ɗan sama da ƙasan bakin da kamar yatsu biyu.

A nan ne darasin duka ya taru. Yankan baya ba ya isa baki. Dole a bar tsiri na itace a tsakaninsu wanda ba a taɓa ba, mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na bishiyar, kuma kaurinsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan tsiri shi ne linzamin bishiya: yana riƙe ta da kututturenta, yana lanƙwasawa a hankali, yana kai ta inda bakin ya nuna. Wanda ya yanke shi ya saki bishiya mai nauyin tan da dama ta zaɓi hanya da kanta, wanda kuma ya cinye gefe ɗaya ya bar ɗaya mai kauri, bishiyar za ta juya ta bi gefen mai kaurin. Ga misali, bagaruwa mai kaurin santimita 50 tana bukatar baki mai zurfin santimita 10 zuwa 12 da rabi, da linzami na santimita 5. Sabon hannu ya zana waɗannan layuka da gawayi a jikin ɓawo kafin ya fara, babu abin kunya a cikin haka.

Da zarar yankan baya ya yi zurfin da zai ɗauki weji, wato abin tokarewa mai siririn baki da ake cusawa cikin yankan, a buga wejin itace ko na roba, domin kada bishiyar ta zauna baya ta matse harshen zarto. Ba a amfani da na baƙin ƙarfe, saboda yana karya haƙoran sarƙa. Kafin yankan ƙarshe a ɗaga murya a yi gargaɗi. Idan yankan ya fara buɗewa, a zare zarto, a sa birki, a bi hanyar gudu aƙalla mita 5 ana waiwayen sama, kuma kada a dawo sai rassa sun daina zubowa. Idan harshen ya maƙale alhali bishiya ta fara tafiya, a kashe injin a bar shi a nan.

Bishiyar da ta karkata sosai tana iya tsagewa a tsaye tun kafin a gama yankan baya, ɓarin ya daki mai yanka. Ita da mai kogo da wadda ke kusa da gida ko waya, a bar wa ƙwararre. Wadda ta faɗa kan wata ta rataye kuwa, ba a shiga ƙarƙashinta, ba a hawanta, ba a sare wadda ta riƙe ta. A kewaye wurin a hana kowa zuwa, a jawo gindinta da doguwar igiya ko tarakta daga nesa.

Idan an sami rauni

Kada mutum ya shiga daji da zarto shi kaɗai. Abokin aiki ya san hanyar asibiti mafi kusa, ya riƙe waya da bandeji mai tsabta. Idan zarto ya yanki mutum, a danne wurin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, idan ya jiƙe a ƙara wani a kai ba tare da cire na farko ba. Idan jinin hannu ko ƙafa yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a murɗa da sanda har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure domin a gaya wa likita. Kada a zuba garin gahawa ko toka ko ƙasa a kan raunin.

Aikin gwaji

Malami ya kawo gungume, ɗalibai su auna kaurinsa, kowa ya lissafa zurfin baki da kaurin linzami ya zana da gawayi. Daga nan a fita gindin wata bishiya, kowane ɗalibi ya auna tsawonta da sanda, ya nuna inda za ta faɗi, da hanyoyin gudunsa biyu, da inda 'yan kallo za su tsaya. Ba a tayar da inji a wannan zama.