Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Mataci a Aikin Kiromatogirafi

Yawancin masu aiki da na'urar HPLC, wato na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfurin ruwa ta auna su, sun san cewa dole a tace samfur kafin a zuba shi, amma kaɗan ne ke tsayawa su duba irin matacin sirinjin da suka ɗauko daga aljihun tebur. Daga nan ne matsala take farawa, domin matacin da bai dace ba yana iya ɓata sakamako ba tare da na'urar ta nuna wata alama ba.

Kuskuren da ya fi muni shi ne rashin lura da abin da aka yi tantanin matacin da shi. Tantanin PTFE (wani nau'in roba da aka fi sani da Teflon) na asali ba ya shan ruwa, don haka ya dace da sinadaran narkarwa masu ƙarfi, amma idan aka tura masa samfurin ruwa zalla sai ya cije, mai aiki ya yi ta danna sirinji har matacin ya fashe. Maganin wannan shi ne a nemi PTFE mai shan ruwa, ko a fara jiƙa shi da metanol. Nailan kuwa yana karɓar ruwa da yawancin sinadarai, sai dai yana riƙe furotin, kuma asid mai ƙarfi yana lalata shi. Mai auna furotin ya koma ga tantanin PVDF ko na PES, waɗanda ba sa riƙe furotin sosai. Tantanin selulos asitet yana narkewa a cikin asiton, PVDF ma ba ya jure sinadarin narkarwa na DMSO. Idan ana shakka, tantanin RC (selulos da aka sake sarrafawa) yana jure ruwa da metanol da asitonaitiral, shi ya sa a ganina ya cancanci zama na yau da kullum.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ba a gwada ko tantanin yana shanye abin da ake aunawa, musamman idan kaɗan ne a cikin samfurin. Gwajin ba shi da wuya: a raba samfurin biyu, a tace rabi, a juya ɗaya rabin a santirifuj (na'urar da ke juya samfur da sauri har datti ya kwanta), sannan a kwatanta sakamakon. Haka kuma a riƙa zubar da mililita 1 zuwa 2 na farko idan samfurin ya wadata, kuma a tace sinadarin narkarwa shi kaɗai a zuba a na'ura, domin a gane baƙin tsinin da ke bayyana a zanen sakamako wanda ya fito daga jikin matacin.

Batun girman huda a taƙaice yake. Maikiromita 0.45 ya isa ga kolum (bututun da ake rarrabe sinadarai a cikinsa) mai ƙwayoyin maikiromita 5, amma kolum ɗin UHPLC (nau'in HPLC mai aiki da matsi mafi ƙarfi) mai ƙwayoyi ƙasa da maikiromita 2 yana buƙatar 0.2, in ba haka ba sai kolum ɗin ya toshe, matsi ya hau. Faɗin matacin ma yana da tasiri: milimita 13 ga samfurin da bai wuce mililita 10 ba, milimita 25 ga wanda ya fi haka, domin babban mataci yana riƙe ruwa mai yawa. Samfur mai datti sosai, kamar na ƙasa ko na ganye, a sa masa mataci mai shimfiɗar zaren gilashi a sama.

Ruwan bafa (ruwan da ke daidaita ƙarfin asid) da aka haɗa da gishirin fosfet lalle ne a tace shi da faifan tantani na milimita 47, kuma kada a ajiye shi kwanaki, saboda ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ciki. Sinadarin da aka sayo mai darajar HPLC kuwa an riga an tace shi a masana'anta, sake tace shi da kayan da ba su da tsabta ƙara masa datti ne. Matacin sirinji sau ɗaya ake amfani da shi, kome tsadarsa, domin ragowar samfurin farko tana bin na biyu.