Yadda Ake Gwada Ingancin Hujja a Ilimin Mantiƙi

Kafin ka karɓi kowace hujja, ka fara raba ta gida biyu: muƙaddimomi, wato maganganun da aka gina ta a kansu, da natija, wato abin da ake son tabbatarwa. Daga nan sai ka sa haruffa a madadin jimlolin, domin siffar hujja ita ce abin da mantiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, yake dubawa.

Ɗauki wannan misali: idan an yi ruwan sama, ƙasa za ta jiƙe, an yi ruwan sama, saboda haka ƙasa ta jiƙe. Sa P a madadin "an yi ruwan sama", Q kuma a madadin "ƙasa ta jiƙe", sai siffarsa ta zama: idan P, to Q; P; saboda haka Q. Sai ka tambayi kanka, shin zai yiwu muƙaddimomin duka su zama gaskiya amma natijar ta zama ƙarya? Idan ba zai yiwu ba, hujjar ta inganta. Wanda ya ce ƙasa ta jiƙe, saboda haka an yi ruwan sama, ya kauce hanya, domin wataƙila ban-ruwa aka yi, kuma a ganina wannan kuskure ne ya fi kowane yawa a muhawarorinmu.

Idan kuwa jimlar "idan P, to Q" kake son tabbatarwa, ka bi tsarin da masanin mantiƙi Bajamushe Gerhard Gentzen ya wallafa a 1935: ka ƙaddara P na ɗan lokaci, ka fitar da Q daga gare ta mataki-mataki, kowane mataki da ƙa'idar da ta halatta shi, sannan ka janye ƙaddarawar ka rubuta jimlar sharaɗin a matsayin natija.