Kafin ka saya wa mai ɗaukar bidiyo kyauta: kurakuran da na gaji da gani

A shagona da ke Birnin Kebbi akwai wani kwali a ƙarƙashin tebur, yarana suna ce masa maƙabarta. Cikinsa akwai fitila mai zobe guda biyu, da makirfo uku da ba su taɓa kama muryar kowa ba, da caja mai bakin da babu soket ɗinsa a ƙasar nan, da wata 'yar kyamara da aka rubuta wa 4K ɓaro-ɓaro a gefe, wai alamar hotonta na fita tangaran. Duk kyauta ce. Wasu ni aka ba, wasu kuma yaran ne suka kawo, wai ko zan sayar musu a ɓoye kada mai kyautar ya ji. Babu wanda aka saya da mugun nufi, babu kuma wanda ya taɓa yin aikin kirki.

Da wuya mako ya wuce wani bai kira ni ba: "Malam, na saya wa ƙanena kaza, ya ka gani?" Bayan ya saya ke nan fa. Ya biya, ya yage kwali, ya yar da rasit, sannan ya tuna da shawara. To me zan ce masa?

Bari in fara da wanda ya ƙona ni, don kada a ɗauka ni ban taɓa faɗawa ramin ba. Shekarun baya na yaye wani yarona da ya yi shekara huɗu yana riƙe min jaka da fitila. Na ce ba zan sallame shi hannu rabbana ba. Da na shiga Kano sayayya sai na ci karo da wani mai tebur yana sayar da katin memori, an buga 128GB a jiki, da sunan babban kamfani, cikin leda mai kyau a manne. Kuɗin bai kai rabin wanda na saba biya ba. Na san farashin na gaske, wallahi na sani, amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Na ɗauki uku, ina murnar na yi wayo.

Aikinsa na farko shi kaɗai wani biki ne a Jega, kuma ni na haɗa shi da masu bikin, na ce su saki jiki, hannuna ne. Kwana uku yana ɗauka: kamu, ɗaurin aure, kai amarya. Kyamara ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, kowane fayil ga sunansa ga girmansa. Sai da ya zauna tacewa ya kira ni muryarsa na rawa. 'Yan kaɗan ne suka buɗe, sauran duk baƙin allo. Muka kai katunan wurin masu ceto fayil, suka duba suka ce babu abin cetowa, domin tun farko ba a ajiye komai ba.

Ga yadda ake wannan cutar. Katin asalinsa ƙarami ne, bai fi 8GB ko 16GB ba, sai a yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ta riƙa gaya wa kyamara cewa 128 ne. Idan ainihin wurin ya cika, sabon abin da ake ɗauka ko dai ya hau kan na baya ya goge shi, ko ya tafi a iska, sunan fayil kawai ya rage. Ba ka ganewa a shago, don idan ka gwada da bidiyon minti biyu lafiya lau zai yi.

Ni da yaron muka tafi Jega ba da haƙuri. Uwar amarya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To Malam, yanzu sai mu sake aurar da ita ke nan?" Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na mayar da kuɗin aikin daga aljihuna, muka bi 'yan biki muna roƙon guntayen da suka ɗauka a wayoyinsu, muka haɗa abin da ya samu. Yaron nan bai sake samun aiki a wannan dangin ba, kuma dangi ne babba. Abin da na kira kyauta shi ya kusa kashe masa sana'a tun ba ta miƙe ba.

Tun daga ranar, kati ba ya fita hannuna sai na gwada shi. Akwai wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, tana cika katin dam, sannan ta karanta abin da ta rubuta, ta faɗa maka gaskiyar cikinsa. Ina sa shi da dare in kwanta, da asuba in ga sakamako. Kuma a shago mai rasit nake saye, inda zan iya komawa in buga tebur. Sannan ka duba gudunsa, ba girma kaɗai ba: ka nemi alamar U3 ko V30 a jiki, wato yana iya rubuta megabayit 30 a daƙiƙa ba ya yankewa. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cinye kusan 45GB a awa ɗaya, kuma kati mai sanyin gudu tsayar da ɗauka yake yi ana tsakiyar siga. Ni na fi son in ba mutum 64 guda biyu da in ba shi 128 guda ɗaya. Abokan sana'ata da yawa suna ganin wahala ce canja kati tsakiyar aiki. Su ba su je Jega ba.

Na biyu kuma ni aka yi wa. Kawuna ya dawo daga tafiya ƙasar waje, ya aiko a kira ni, ya miƙo min kwali yana fara'a. "Ga kyamarar manya nan na sawo maka, ka huta da waccan tsohuwar taka." Ita ce wadda ke cikin maƙabarta yanzu. Ba ta da sunan kamfanin da aka sani, nauyinta bai kai na kofin shayi ba, amma kwalinta cike yake da manyan lambobi. Na durƙusa na yi godiya, me zan ce? Da na gwada ta da rana a tsakar gida, da dama-dama. Ana shiga ɗaki sai hoto ya koma kamar hazon hunturu, fuskar mutum ta yi dususu. Wayar Tecno da ke aljihun yarona ta fi ta nesa ba kusa ba. Sirrin shi ne ɗan farantin da haske ke sauka a kansa a ciki ƙanƙane ne kuma na banza, sai a ja hoton a miƙe shi har lissafi ya kai 4K. Kamar ka tsinka kofi ɗaya na fura da ruwa har ta cika ƙwarya, ka ce ka yi fura da yawa.

Wahalar ba a nan ta tsaya ba. Duk taron dangi sai Kawu ya ce, "Ina kyamarata?" Na shekara biyu ina rataye ta a wuya ina aiki da ta gaske. Ranar sunan jikarsa ya kafe sai da ita za a ɗauka. Aka ɗauka. Da ya ga abin da ya fito, sai ya ce ashe ban iya aikin ba kamar yadda ake zuzuta ni.

Jama'a, don Allah ku daina saya wa mai sana'a kyamara ba da saninsa ba. Wa ya taɓa saya wa tela keken ɗinki bai tambaye shi ba? Wannan son a yi wa mutum ba-zata shi ne tushen duk ɓarnar nan, sai kuma kunyar tambaya, wai kada ya ɗauka kana gori. Ka ɗaure shi da igiyar kunya, ba ya iya mayarwa, ba ya iya sayarwa a fili, ba ya iya aiki da shi. In ka nace sai ka ɓoye, to nemi abokin aikinsa, ko ka faki idonsa ka ɗauki hoton ƙasan kyamararsa inda aka rubuta lambarta, ka kai wa mai shago. Domin kayan nan ba sa auren juna. Idon kyamarar Canon, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba, ba ya hawa Sony sai da mahaɗi na musamman. Ko a gidan Canon ɗin, tun 2018 da suka fito da bakin RF, tsohon ido mai bakin EF sai da mahaɗi yake shiga sabuwar kyamara, shi kuwa sabon ido ba ya hawa tsohuwa ko kaɗan. Batir ma haka: LP-E6 na Canon ne, NP-FZ100 na Sony ne, kuma ƙananan Sony da yawa NP-FW50 suke ci. "Ba ni batirin kyamara" ba magana ba ce.

Makirfo shi ne kyautar da na fi so a yi wa mai farawa, domin mutane suna haƙuri da hoto mai duhu amma ba sa haƙuri da sauti mai ƙara. Sai dai a nan ma ana kwafsawa. Dubi bakin wayar makirfon, ka ƙirga zoben da ke jikin ƙarfen: mai zobe biyu na kyamara ne, mai zobe uku na wayar hannu. Ka musanya su, shiru za ka ji, ko kuwa wayar ta ci gaba da ɗauka da nata makirfon kana zaton naka ne ke aiki. Shi ya sa nake yawan ba da Boya BY-M1, yana da ɗan maɓalli da ake turawa ko kyamara ko waya, ga igiya mita 6. Amma fara duba ko wayar mutumin tana da ramin ma. iPhone ta cire shi tun 2016, sannan a 2023 ta sauya bakin cajinta zuwa USB-C. Makirfo uku da ke kwalina duk a nan suka mutu.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne ɗaukar duk mai bidiyo abu ɗaya. 'Yar'uwarka da ke koyar da girki a YouTube daga kicin, abin da take bukata shi ne mariƙin da zai tsayar da waya saman tukunya da fitila mai taushin haske. Mai barkwanci a TikTok makirfo maras igiya yake nema. Mai ɗaukar karatun malamai a masallaci awa biyu zai yi a wuri ɗaya, ba shi mariƙin kyamara mai ƙafa uku da fawabank, ya gama. Ita fitila mai zobe ta wanda ke zaune gaban waya ce yana magana. Ka ba mai bin hawan sallah, ya rataye ta a ina, wuyan doki?

Sai masu kuɗin da ke sayen jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto daga sama. Wannan ba kyauta ba ce, shari'a ce ka sawo wa yaro. Tashin irinsa a Najeriya yana bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A maƙwabciyarmu Zamfara kuwa, a watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a samaniyarta saboda matsalar tsaro. A irin wannan yanki, yaro ya tashi abu yana shawagi a saman gari, kai ka san inda zai kwana.

Sauran ƙanana ne, amma ana yi. In daga Amurka za a aiko fitila ko caja, a duba an rubuta 100–240V, don wutarsu 120 ce tamu 230, mai 120 kaɗai hayaƙi zai yi. Gimbal na waya, wato mariƙin da ke hana hoto girgiza, ba ya ɗaukar nauyin kyamara. Mai ƙafa uku na masu hoto kansa yana fizga idan ana juyawa, na bidiyo shi ne mai kai mai santsi da hannu. Kada ka yar da rasit, sa shi cikin kwalin. Kada kuma ka buga sunanka ko nasa a jikin kaya kafin ya gwada.

In aka tambaye ni, abubuwan da ba su da kwarjini su nake saye. Rumbun ajiya na kwamfuta, domin ba a taɓa yin mai bidiyon da ya ce wuri ya ishe shi ba. Fawabank mai ƙarfi, don ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Datar wata guda ga mai ɗora bidiyo a intanet. 'Yar robar hura iska da burushi mai laushi, saboda ƙurar hunturu. Takalmi mai taushi ma kyauta ce, mai ɗaukar biki daga hantsi har bayan isha'i a tsaye yake. In kuma abin da yake hari ya fi ƙarfinka, sa abin da ya sawwaƙa a ambulan ka ce, "Ga gudummawata ta idon nan da kake tara wa kuɗi." Wasu na ganin ba da kuɗi rashin tunani ne. Ni ban taɓa ganin ambulan a cikin maƙabarta ba.

Akwai shekarar da zan tafi Argungu ɗaukar bikin kamun kifi. Wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada lokacin da aka ba da izini dubban masunta suka rugo da goruna da koma ya san ƙurar da ke tashi, ga rana tana dukan ƙarfe har kyamara ta yi zafi ta kashe kanta. Ana gobe zan tafi Inna ta ce in kawo mata kyamarar. Ta auna ta da taƙi, ta tambaye ni ina nake sa ido, ina nake sa yatsa, ina batir ke fita. Da safe ta miƙo min riga da ta ɗinka mata da ragowar farin yadi, da zariya a baki wadda ke tsuke wuyan idon. Na canja kyamara sau biyu tun lokacin, sai dai in kai wa tela ya ɗan buɗa ta.