Darasi na Bakwai: Cike Guraben Saƙo da Python

Magatakardan ƙungiyar manoman albasa a Tahoua yakan aika wa kowane mamba saƙon tunatarwa game da zubin wata, kuma idan mambobin suna da yawa, rubuta saƙo ɗaya-ɗaya yakan cinye masa yini, ga kuskuren suna ko na kuɗi da gajiya kan jawo. Maganin wannan shi ne a rubuta saƙon sau ɗaya tak, a bar gurbi a duk inda bayani yake canzawa, sannan kwamfuta ta cike. Za mu yi amfani da Python, wani harshen ba kwamfuta umarni, wanda Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar a shekarar 1991.

Ku kwafi waɗannan layuka uku ba tare da sauya ko harafi ɗaya ba:

from string import Template
sako = Template("Salamu alaikum $suna, zubinku na watan $wata CFA $kudi ne.")
print(sako.substitute(suna="Rabi", wata="Maris", kudi=2500))

Kowace kalma da alamar $ ta gabace ta gurbi ce. Kwamfuta za ta fitar da: Salamu alaikum Rabi, zubinku na watan Maris CFA 2500 ne.

An rubuta "zubinku" da gangan, domin "zubinka" zai bar mata a waje, "zubinki" kuma zai bar maza, alhali jam'i na girmamawa ya dace da kowa. Haka nan kada a manta da rubuta CFA, saboda a kasuwa da dala ake ƙirga kuɗi, kowace dala faran 5, don haka wanda ya ga 2500 kurum yana iya ɗaukar dala 2500 ake nufi, ba jika biyu da rabi ba. Rigimar da irin wannan ke haifarwa a taron ƙungiya ba ƙarama ba ce.

Wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne haruffa masu lanƙwasa. A cikin saƙon kansa ana iya sa ɗ, ƙ, ɓ da ƴ ba matsala, muddin an adana fayil da tsarin UTF-8, wato tsarin adana rubutu da ke ɗaukar irin waɗannan haruffa, amma sunan gurbi ba ya karɓarsu: idan kuka rubuta $kuɗi, Python zai karanta $ku kawai, ya nemi bayanin da babu, ya tsaya da gargaɗin KeyError. Wannan gargaɗi yana fitowa kuma idan an manta da bayanin wani gurbi. Akwai umarnin safe_substitute da ake iya sawa a madadin substitute, wanda ke barin gurbin yadda yake ya ci gaba, sai dai a harkar kuɗi gara aiki ya tsaya da a aika wa dattijo saƙo mai ɗauke da $kudi.

Aikin gida: ku ƙara gurbin $rana don ranar taro, ku fitar da saƙon mambobi uku, sannan ku cire bayanin wata da gangan ku karanta abin da kwamfuta za ta faɗa.